Ɗankwalin da Ya Amsa Waya

Zuwa ga Dogo mai kanti,

Sallama da gaisuwa irin ta wadda ba ta neman mutum sai buƙata ta taso. Ina fata kana lafiya, kai da mahaifinka da duk mutanen gida. Idan ka kasa gane mai rubutun nan, ni ce Kaka Tela, wadda ni da kakarka ta wajen uba muke 'ya'yan wa da ƙani. Rabona da kai tun ranar da ka zo mana gaisuwar rasuwar mijina Malam, ka buga goshi a saman ƙofar ɗakina. Ina fata goshin ya warke, don ni ba na son miji mai tabo.

Ka dai ji labarin aikin da aka yi min bara, aka buɗe min jijiyar zuciya da ta toshe. Na warke sarai, ina shan magani ba fashi. Likita ya ce in riƙa motsa jiki, wai zaman da na yi a kan keken ɗinki ya ishe ni har ƙarshen rayuwa. Sai na fara zagaya filin ƙwallon makarantar da ke bayan layinmu da sassafe, kafin 'yan makaranta su iso. Wata safiya ruwa ya sauko ina tsakiyar fili, na ɗaga ƙafa don in kai rumfar mai gadi. Na kai, ban faɗi ba, ban mutu ba, kuma na ji wani daɗi da na manta akwai irinsa. Tun daga ranar nake gudu. Ba gudun da zai burge kowa ba ne, amma gudu ne.

Ga abin da ya sa na neme ka. Ina jin waƙoƙin zamaninmu a waya in ina gudu, su ne ke ɗaga min ƙafa. To iyafis ɗina, abin da nake sawa a kunne, mai igiya ne, kullum igiyar sai ta sarƙe da bakin ɗankwali, ta fizgo wayar daga aljihu. Shekaranjiya ta tsinke gaba ɗaya, na huta da ita. An ce a kantin kayan waya kake aiki, don haka ka zaɓo min mara igiya. Ina son wanda ba ya faɗowa, wanda ba ya tsoron gumi, don ni mai gumi ce tun ina yarinya. Ya shige ƙarƙashin ɗankwali yadda ba wanda zai san da shi. Kuma ya toshe min kunne ruf, saboda akwai wasu 'yan fansho da ke zama a benci a bakin ƙofar filin, ba su da aikin yi sai ni. Jiya ɗayansu ya tambaye ni wai wa ya biyo ni.

Za ka ce me ya hana ni kira ko tura saƙo. Ɗan farina, Baffanka Injiniya, shi ya saita min wayar, duk abin da ya shiga ko ya fita yana iya gani, wai saboda 'yan damfara. Tun da aka sallamo ni yake riƙe da ni kamar ƙwai a cokali, ko tsintsiya na ɗauka sai ya sha min toka. Bai san ina gudu ba, kuma ba daga bakinka zai ji ba. Direban da ke kawo wa masu yadi kaya daga wajenku shi zai ba ka takardar nan da kuɗin saye, shi kuma za ka ba amsa.

Ka gaida mahaifinka, amma shi ma ka riƙe bakinka a gabansa.

Ni ce,
Kaka Tela

*

Zuwa ga uwargidana Kaka Tela,

Na amsa sallama, na karɓi gaisuwa. Muna lafiya, Baba na fama da gwiwa amma yana zuwa kasuwa. Goshi ya warke tuntuni, sai dai ƙofarki har yanzu ina riƙe da ita a rai.

Sai da na karanta takardarki sau biyu. Da farko na ɗauka wata jikarki kike saya wa kina kunyar faɗa. Da na gane ke ce da kanki, na yi dariya har mai kantin ya leƙo daga ofis. Ba dariyar raini ba ce, Kaka, daɗi na ji. Tunda likita ya yarda ki yi gudu, wa ya isa ya hana?

Iri uku na jera a kan kanta. Akwai mai ƙugiya da ke zagaye bayan kunne. Wannan ko tsalle kike ba ya motsi, amma zai yi tudu a ƙarƙashin ɗankwali, kowa ya gani. Akwai wanda ba ya shiga kunne sam, yana zama ne a kan ƙashin gefen fuska, kina jin waƙa kina jin titi. Wannan ba zai raba ki da 'yan fanshonki ba. Sai na ukun, ɗan ƙarami da ke shigewa ramin kunne ya lafe. Da yake kin ce kada kowa ya san da shi, shi na ɗauka. Na hau sama gidan motsa jiki da ke kan kantinmu, na sa shi na yi gudu a kan inji har rigata ta jiƙe. Bai faɗo ba, gumi kuma bai dame shi ba.

Yana zuwa da 'yan robobi manya da ƙanana. Ki gwada su duka, wadda ta cika kunnen ba ta yi miki zafi ba ita ce taki. In kin dawo ki goge shi da busasshen ƙyalle kafin ki mayar da shi akwatinsa, a ciki yake yin caji. Mai gyaran waya na layinku zai haɗa miki shi da wayar. Ba shi da maɓalli ko ɗaya, taɓa shi ake yi. Taɓawa ɗaya tana tsayar da waƙa ko ta amsa kira, biyu ta wuce zuwa waƙa ta gaba, in kuma kin ɗora yatsa kin daɗe sai ya toshe hayaniya.

A nan ne zan yi miki kashedi. Daga gida zuwa fili kada ki toshe, ina son ki ji mota da babur. In kin shiga fili ki toshe tsofaffin nan yadda kike so.

Abu ɗaya ne ban gane ba. Tunda da izinin likita ne, me ya kawo ɓoye wa Baffa? Ki gaya masa mana, ƙila ma ya saya miki takalmi mai kyau.

Naki, ko kin tsufa,
Dogo

*

Dogo,

Ina gaisuwa, ina kuma yi wa mahaifinka sannu da gwiwa. Ka ce masa ya daina zama, shi ne ke cin ta. Ni lafiya lau, barcina ma ya fi na da.

Kaya sun iso. Ƙaramar robar ce ta zauna min. Ranar farko na wuce 'yan fansho ina ganin bakunansu na motsi ba na jin komai, sai kiɗa. Na ɗaga musu hannu kamar mai amsa gaisuwa, ko zagina suke oho. Allah ya yi maka albarka, wannan karon ka yi aikin miji.

Sai dai abin naka yana da taurin kai. Ina cikin gudu sai waƙa ta tsaya da kanta, in na juya kai ta dawo, wani lokaci ta tsallake wadda na fi so. In gumi ya yi yawa abin ya fi tsananta. Ni ban taɓa shi ba, hannuwana suna wajen aikinsu. Ka duba min ko na ragwaye ka aiko min.

Batun Baffanka kuma, iyafis na tambaye ka, ban tambaye ka wa'azi ba. Amma tunda ka tambaya, bari in ba ka amsa. Ka tuna kujerar nan da ke bakin taga a falona? A kanta Malam ya yi shekarunsa na ƙarshe. Bayan ciwonsa na farko yana iya tafiya, yana iya zuwa shago ya dawo. Amma duk lokacin da ya miƙe sai 'ya'yansa su ce zauna Baba, me kake so a kawo maka. Da ƙauna suka yi, ban musa ba. Haka ya zauna har ƙafafunsa suka manta aikinsu, ya koma kallon masu wucewa ta taga yana tambayata ina za su. Da aka sallamo ni daga asibiti na tarar Injiniya ya sa an yi wa kujerar nan sabon soso da sabon yadi. Ɗinkin ma a karkace. Na san wa aka gyara wa ita, kuma tsoronta nake ji fiye da tsoron ciwon.

In na gaya masa, ranar zai zo da mota da matarsa da hawaye, ni kuma ba na iya musu da hawayensa. Gara in yi abina kafin gari ya gama wayewa, in dawo in yi wanka, ya kira ya same ni ina shan shayi.

Kaka Tela

*

Kaka,

Ina gaisuwa, amma ban san yadda zan tambayi lafiyarki ba, don abin da na ji bai bar ni na yi barci mai kyau ba. Direba ya zo ya koma, ya sake zuwa, ba takarda daga gare ki. Na sa ya tambaya a layinku aka ce kina nan, ba kya fita.

Baffa Injiniya ya kira ni ina tsakiyar ciniki. Ban taɓa jin muryarsa haka ba. Ya wanke ni tas a gaban mai saye, ya ce na haɗa baki da ke zan kashe masa uwa. Ya ce ya kira ki da sassafe, aka amsa, amma ba ki yi magana ba, sai haki kawai yake ji. Ya baro gida ba shiri, ya tarar da ƙofarki a kulle, maƙwabciya ta nuna masa fili. A cikin akwatin iyafis ɗin ya ga katin kantinmu, shi ya kawo shi kaina.

Da ya kashe na ɗauko takardarki da kika ce waƙa tana tsayawa da kanta. Lokacin da na fara karanta ta na ɗauka wayarki ce tsohuwa, na yi dariya na ajiye. Yanzu na roƙi abokiyar aikina ta sa irinsa a ƙarƙashin ɗankwalinta, muka yayyafa wa ɗankwalin ruwa. Tana juya kai waƙa ta tsaya. Na kira wayarta, ta sake juyawa, kira ya amsu. Jiƙaƙƙen yadi a wurinsa yatsa ne. Ni da kunne tsirara na gwada shi, ko kaɗan ban kawo ɗankwali a raina ba.

Amma ke ma, Kaka. Baffa ya ce likita tafiya ya ce ki yi, tafiya a hankali. Na koma takardarki ta farko, na ga motsa jiki kika rubuta, ni na karanta gudu. Kin ga na yi kuskuren fahimta, har na rubuta miki cewa likita ya yarda, kika bar ni a haka. Raina ya ɓaci ƙwarai. Da kin faɗi a filin nan da abina a kunnenki, da wane ido zan kalli dangi?

Ba zan aiko miki da wani ba. Ki bi abin da likita ya ce, ki kuma rubuto min ko layi ɗaya ne in san kina lafiya.

Dogo

*

Kai Dogo,

Na amsa gaisuwarka duk da rabi ce. Lafiyata ƙalau, ta fi taka, kai da hawa bene ɗaya ke jiƙa wa riga. Ban rubuto ba ne don ina fushi, kuma direban da kake aikowa leƙen asiri ka gaya masa na gan shi.

Ashe kai ma ka koma layinsu. To madalla. Ni ban yi maka ƙarya ba. Motsa jiki na rubuta, gudu kuma ba a kwance ake yinsa ba. Kai ka karanta abin da ya yi maka daɗi, yanzu da aka yi maka tsawa kake neman inda za ka sauke.

Ga yadda aka yi, tunda ɓangare ɗaya ka ji. Ina cikin gudu waya ta yi ƙara a kunnena, kafin in yi wani tunani sai ga muryar Injiniya a tsakiyar kaina yana cewa Umma. Na ji shi sarai. Na ce in na buɗe baki zai ji ina haki ya gane, sai na yi gum, na ce zai ɗauka layi ne ya lalace ya kashe. Ina zan san abin naka shi ma yana da kunne, kuma a gefen bakina yake? Na tsaya ina ta taɓa shi da jiƙaƙƙen yatsa ya ƙi ji, daga ƙarshe na ciro shi na jefa cikin akwatinsa na rufe. Na ƙarasa zagayena, ina fitowa na ga motarsa a gicciye a bakin ƙofa, shi kuma da takalmin wanka. A gaban 'yan fansho ya kama hannuna kamar ya kama ɓarauniya. Ranar sun sami abin taunawa.

Ya kwashe takalmana da iyafis ɗin ya tafi da su. Ya ce Asabar ɗin ƙarshen wata zai zo da motar kaya, zan koma gidansa, a saman bene, inda matarsa za ta sa min ido. Har da kujerar za a tafi.

Ni kuma ban zauna ba. Na hau mota ni kaɗai na je wajen likitan zuciyar, na gaya masa komai, na ce ya gwada ni a gabansa in zan mutu in mutu a inda akwai gado. Ya yi min faɗa son ransa, sannan ya manna min wayoyi a ƙirji ya ɗora ni kan injin gudu. Da muka gama ya daɗe yana kallon allon.

"Ni tafiya na ce," in ji shi, "kuma ba na son yadda kika fara ke kaɗai a ɓoye. Amma zuciyar ta ɗauka. Ki yi a hankali. In kina gudu kina iya magana, magana tana fita ba ta yankewa, kina cikin iyaka. In ta fara yankewa ki rage. In ƙirji ya riƙe ki tsaya, ki nemi asibiti."

Na kai wa Injiniya wannan da zafinsa. Ko kallona bai yi ba, ya ce likita ba shi zai rasa uwa ba, Asabar tana nan.

Na sayi takalmi a gwanjo, ya ɗan yi min yawa, na cusa ƙyalle a baki. Saura abin kunne. Ina son mai maɓalli na gaske, wanda sai na danna da yatsana zai yi abu, ba wanda ɗankwali ke ba umarni ba. In ba za ka aiko ba ka faɗa, akwai masu tebur a bakin tasha, zan sayi duk tarkacen da suka miƙo min. Kai da shi da 'yan fansho ku haɗu ku sani, ba zan zauna a kujerar nan ba.

Kaka Tela

*

Kakata,

Ina gaisuwa cikakkiya wannan karon, kada a ce na sake ba da rabi. Na ji daɗin zuwanki wajen likita, abin da nake nufi ke nan da na ce ki bi maganarsa. Ban ce ki bi ta Baffa ba, ke kika haɗa mu a layi ɗaya.

Ga kaya nan a hannun direba. Mai ƙugiya ne, da maɓalli mai tauri a sama, abokiyar aikina ta murza shi da jiƙaƙƙen ɗankwali bai ko motsa ba. Zai yi tudu, kowa zai gani. Ba ya toshe kunne ruf, za ki ji mota, za ki ji tsofaffinki ma, sai haƙuri. Makirfonsa yana rage iska, murya tana fita tas ko a fili. Na kuma kira Baffa na gaya masa na aiko. Na gaji da ɓoye-ɓoye, in zai sake zagina ya zage ni a kan abin da na yi ido buɗe.

Bai zage ni ba. Sai ma ya gaya min abin da nake ganin ya kamata ki sani, ko da bai ce in faɗa miki ba.

"Ranar da Baba ya rasu ina kan hanya," ya ce. "Umma ta kara masa waya a baki don mu yi sallama. Bai iya magana ba. Numfashinsa kawai nake ji, ina ta kiran Baba, Baba, har ya ɗauke. Rannan ma haka na ji. Numfashi, ina kira ba amsa, sai kuma ɗif."

Ya ce bai san yadda ya tuƙa motar ba, a hanya har ya fara tunanin wa zai fara sanar wa. Daga nan muka yi sallama.

Ban rubuto wannan don ki daina ba, da haka ne da ban aiko da kayan ba. Kin ce ɓangare ɗaya na ji, to ke ma ɓangare ɗaya kika ji.

Naki,
Dogo

*

Zuwa ga maigidana Dogo,

Gaisuwa da fatan alheri gare ka da mahaifinka. Ina lafiya, kuma daga falona nake rubuto maka, ba daga saman bene ba.

Takardarka ta iso. Na karanta ta a tsaye, na ƙarasa ta a zaune a ƙasa. Ni na riƙe wa Malam wayar nan a baki, amma ban taɓa tunanin abin da ke fita ta ɗaya gefen ba, yaron kuma bai taɓa faɗa ba. Na yi kuka sosai, na ji tausayinsa ƙwarai. Da na share hawaye na duba zuciyata ko niyyar ta canza, na tarar tana nan daram.

Ranar Juma'a matarsa ta kawo kwalaye ta jibge min a tsakar gida, ta ce in fara da kayan sawa. Na ba ta ruwa ta sha, na yi mata godiya, ban taɓa kwali ko ɗaya ba.

Asabar da sassafe na maƙala abin naka. Gaskiyarka, ya yi tudu, kamar na ɓoye goro a kunne biyu. 'Yan fansho suka zuba min ido, ɗayansu ya ce ashe an sako ni. Na ji shi sarai, na ce masa in ya isa ya taso mu zagaya. Ya ce gwiwa.

Na tsaya a bakin layin fili na ciro waya na kira Injiniya da hannuna. Bugu ɗaya ya ɗauka, na ji ƙarar makullai, da alama shirin fitowa yake.

"Ina fili," na ce masa. "Zan yi gudu yanzu, kuma ba izini nake nema ba. Likita ya ce in magana ta fara yankewa in rage, ni kuma in na yi zafi ba na jin kaina. Zan yi ta magana har in gama. In ka ga dama ka saurara, in ka ga dama ka kashe ka taho da motarka."

Na mayar da wayar aljihu na ɗaga ƙafa. Ka san ni da surutu, amma ranar sai da na nemo abin faɗa. Na gaya masa ragar ƙwallon ta yage ta gefen hagu, mai gadi ya shuka barkono a bayan rumfarsa. Na gaya masa labulen falonsu gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo, na daɗe ina gani ina haɗiyewa. Na ba shi labarin wandon makarantarsa na farko, da na ɗinka da girma don ya daɗe, ya yi ta riƙe shi da hannu a wajen taro. Duk wannan ba amsa, sai numfashinsa nake ji a kunnena, na san yana nan.

Da na zo gangaren da ke bayan azuzuwa ƙafa ta yi daɗi, na ƙara wuta ban sani ba. Ina cikin labarin wandon sai na ji muryarsa, ƙasa-ƙasa.

"Umma, maganarki ta fara yankewa. Rage."

Na rage, Dogo. Kaɗan na rage, amma tun da aka sallamo ni wannan ne karo na farko da wani ya ce in yi abu na yi ban ji haushi ba. Na ƙarasa labarin, na ƙarasa zagayen, na tsaya a rumfar mai gadi na ce masa na gama, ga ni a tsaye. Na ji ya ajiye makullan a kan tebur. Ya tambaya ko na zo da ruwa, na ce na zo da shi. Ina jira ya kawo maganar motar kaya, na ma shirya amsata.

"Gobe yaushe za ki fita?" ya ce. "Kada in shiga wanka ki kira ban ji ba."

Ni ce taka,
Kaka Tela